Ranar da Autarmu Ta Leƙa Bakunan Majalisa

Autarmu ce ta jawo mini wannan tonon silili. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, sai malaminta ya ɗora ta a kan waɗanda ke zaune a bakin mutum. Ya ba ta mako guda ta zaɓi abin da za ta riƙa ɗiba: yawu, ko dattin harshe, ko wanda ke maƙalewa a gindin haƙori. In ba ta kai masa hujja ba, aikin sai baɗi, ƙawayenta su gama su bar ta.

Ta same ni ido ya yi ja. Na ce, "Baki kike nema? A Tudun Wada? Ai bakunan majalisarmu kaɗai in aka jera su sai sun kai Kwangila."

Mu biyar ne kan bencin mai shayi. Sharaɗi ɗaya ta kafa: bayan alwalar asuba kada a goge baki, kada a ci komai. Na isar da saƙo, kowa ya ce ba matsala.

Da safe ta iso da safar hannu da kwalabe da tsinkaye masu auduga. Tun daga nesa na ji ƙamshi kamar an fasa shagon turare. Ashe ba wanda ya yarda ya buɗe wa 'yar mutane baki da tsamin barci. Tela ya tauna asuwaki har ya kusa haɗawa da yatsa. Direba, da rabonsa da buroshi tun yana kwandasta, ya ƙarar da man goge bakin gidansa. Alhaji mai katifa kuwa kanumfari ya cika kumatu, ya bi da goro.

Ta ce, "Yaya, me ka gaya musu?"

Alhaji ya karɓe: "'Yata, mu da muka ci sunanki, mu busa miki wannan iska? Allah ya kiyaye."

Aka fara da yawu. Na Alhaji ya fito ja kamar zoɓo. Direba ya ce shi yawunsa ba ya kwana a hannun kowa, da irin haka aka raba kawunsa da gari. Malam limaminmu ya karɓi kwalba, ya karanta addu'a mai tsawo, ya yi tuf, tuf, tuf, ko ɗigo babu.

"Baba, yawun nake so."

"Ai albarkar ta shiga, 'yar nan. Rufe."

Harshe kuwa, tsinke na taɓa na tela ya yi wani kakari, sai da akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

Autarmu ta zauna ta yi tagumi. Ni kuma dariya ta ci ƙarfina, na wangale baki. Sai ta zabura: "Yaya, tsaya haka!"

Ni kaɗai na cika sharaɗi, kuma tsakani da Allah ban sha wata wahala ba. Ta haska fitilar waya, ta kankaro wani abu a gindin haƙorin can ƙurya. Ta koma kan sauran ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk gugar nan tasu a ƙofar gida ta tsaya, asuwaki bai shiga uwar ɗaka ba. Kowa da ajiyarsa. Har direba ya yarda, wai datti ba yawu ba ne, ba a asiri da shi.

Bayan kwana uku ta dawo da hotunan farantan da ta shuka dattin a kai, a waya, baki har kunne. Na gindin haƙori duk sun tsiro, malaminta ya sa hannu, dattin gindin haƙorin za ta riƙa ɗiba. Farantin Alhaji 'yan ɗigo-ɗigo ne. Nawa kuwa gari ne guda, da kasuwa da tasha.

Ta gama tare da ƙawayenta. Ni kuma har yau in na zauna, mai shayi sai ya miƙo mini asuwaki kafin kofi.