Shekarar da Nerina Ta Yi Niyyar Yin Shiru

An haifi Nerina a gidan da ke can saman tudu, inda gonar inabi ta yi tsayuwar da ko jaki ba ya iya hawa, sai mutum da kwando a bayansa. A gidan ta girma, a gidan ta yi furfura. Gidan abinci ne ɗan ƙarami, tebura kaɗan, murhu ɗaya, da ɗakin ƙasa mai sanyi inda gangunan giya suke. Mutanen garin Valdobbiadene da ke gindin tudun kan hauro ran Lahadi bayan an tashi daga coci.

Tun tana yarinya mahaifinta ya gane abin da Allah ya sa mata a baki. Giyar tudun nan ba ta gama nuna a ganga. Sanyi ne yake kwantar da ita da sauran zaƙi a cikinta. Idan watan da ke kawo Ista ya fara girma, sai a ɗura ta a kwalabe a toshe. Ɗumi na shigowa ta farka a ciki, ta cinye zaƙin, ta yi kumfa, laka ta kwanta a gindi. In zaƙin ya yi kaɗan, giya ta fito lami. In ya yi yawa, kwalabe su riƙa fashewa a ɗakin ƙasa kamar ana harbi. Mahaifinta da ido ɗaya ya koma ga Ubangiji, ɗayan kwalba ce ta tafi da shi. Tun daga shekarar ba a sake ɗura ganga ba sai Nerina ta ɗanɗana.

Da ya rasu, yayanta Gelindo ya gaji gidan, ita kuma ta gaji murhu da ɗakin ƙasa. Ita ce ta san kwalbar da za ta bi kowane faranti. Tatacciya mai sanyi ga soyayyen kifi, mai laka ga naman gishiri da tuwon masara, wadda ta shekara ga tsohon cuku. Ba ta tambayar baƙo abin da zai sha. Ta dubi farantinsa, ta sauka ƙasa, ta hauro da kwalba a tsaye, a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Akwai wani Tarcisio, mutumin Asti, da ke kawo musu kwalaben da babu komai da babbar mota duk shekara. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da kwalbar giyar garinsu mai zaƙi.

"Mutumin Asti!" in ji Gelindo. "Yau ma ka kawo mana ruwan alewar taku?"

"Na kawo, tunda taku sai an nemo rariya kafin a sha."

"Ajiye ta can, yara za su zo."

"Yaya, ka bar bawan Allah," in ji Nerina. "Tasa ba ta naman gishiri ba ce, ta burodin Ista ce. Ka haɗa su ka ji."

Gelindo bai taɓa yarda an ɗora ta a teburinsa ba. A bayan gida, kusa da itacen wuta, Nerina da Tarcisio suke shan ta su biyu a tsaye.

A nan ne wata shekara Tarcisio ya cire hula ya ce, "Nerina, mu ba yara ba ne. Na sayar da motar, wannan ne zuwana na ƙarshe da kaya. Ina da gida, ina da lambu, babu tudu. Washegarin Ista zan dawo. In na tarar da jakarki a bakin ƙofa, shi ke nan. In ban tarar ba, ba zan sake damun ki ba."

Ta kwana biyu tana juya maganar kafin ta tunkari Gelindo.

"To wa zai ɗanɗana?" ya ce.

"Kai. Ai bakin naka ba na tsokanar mutane kaɗai ba ne."

"Ni ban iya ba, kin sani."

"Bana ka zaɓa da kanka. Ba zan ce uffan ba. In ka zaɓa daidai, ka sallame ni da fatan alheri."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yarda. Ta je coci ta kunna kyandir, ta roƙi Allah ya ba shi baki, ita kuma ya riƙe mata nata.

Ranar ɗura, gari ya waye babu iska. Matan maƙwabta suka taru suna wanke kwalabe kamar kowace shekara. Ganga biyu ce. Ɗaya ta inabin tsakiyar gona, ta yi daidai. Ɗaya ta inabin can ƙololuwa da aka tsinka a makare, sanyi ya kama ta da wuri, zaƙi fal a cikinta. Nerina ta san wannan tun lokacin sanyi.

Gelindo ya ɗiba daga ta farko ya kurɓa. Ya ɗiba daga ta biyu ya kurɓa. Sai ya waiga ya dubi ƙanwarsa, kallo ɗan gajere, sannan ya ɗora hannu a kan mai zaƙin.

"Wannan," ya ce.

Hannun Nerina yana cikin aljihun rigar girkinta, carbi na motsi. Kwalba ta farko ta cika, aka toshe. Ta biyu ta cika. Gelindo ya durƙusa yana jera su a ƙasa, ya kai fuskarsa dab da su, daidai yadda mahaifinsu yake yi. Ta ga watan Mayu a idonta: ɗumi ya shigo, shi kaɗai ya sauko da fitila don ɗauko wa baƙo giya, ita tana can Asti tana ban ruwan lambu.

"Yaya," ta ce, "ba ita ba ce."

"Me kika ce?"

"Ɗayar ce. Wannan a bar ta ta ƙara zama."

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Kin gani ko? Ai na gaya miki ban iya ba."

Washegarin Ista Tarcisio ya zo da sabuwar riga. Ya dubi bakin ƙofa, ya dubi rigar girkin da ke jikinta. Ta zaunar da shi, ta kawo masa naman gishiri da dafaffen ƙwai, ta tsiyaya masa tatacciyar saman kwalba, ta juye wa kanta lakar gindi.

"Ko baɗi?" ya tambaya, murya ƙasa ƙasa.

"Baɗi ma watan ɗura zai fito, Tarcisio."

Ya gama cin abincinsa tas, don mutum ne mai ladabi. Ya bar kwalbarsa a kan itacen wuta ya sauka tudun. Bai sake haurowa ba. Bayan wasu shekaru labarin rasuwarsa ya iso ta bakin direban da ya gaje shi.

Haka ta ci gaba, girki, coci, ɗakin ƙasa, har gwiwoyinta suka fara ƙin matakala. Sai wata shekara mura mai tsanani ta kama ta daidai lokacin ɗura. Hanci ya toshe, baki ba ya bambanta gishiri da sukari. Wata kuwa ba ya jiran mara lafiya. Ta zauna a kan matakala da bargo tana kallo. Gelindo ya kurɓi wannan, ya kurɓi wancan, ko waiwaye bai yi ba ya ce a ɗura ta hagu.

Duk watan Mayu tana kasa kunne. Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba. Da ta buɗe ta farko, kumfar ta tashi siririya, ƙanshin tuffa ya cika ɗakin. Ita kanta ba ta taɓa zaɓar wadda ta fi ta ba. Ta daɗe riƙe da kofin. Kallon nan ɗan gajere da Gelindo ya yi mata kafin ya zaɓi mai zaƙin ya dawo mata.

Ta same shi a gona yana ɗaure reshe.

"Yaya, tun yaushe ka iya?"

"Iya me?"

"Kada ka mai da ni yarinya."

Bai ɗago ba. Ya gama ƙullin, ya yanke bakin igiyar. "Da wa zan zauna a gidan nan, Nerina? Da ganguna?"

Ta tsaya har ya matsa zuwa reshe na gaba, sannan ta juya, don tukunya na kan wuta.

Har yanzu tana can. Ita ke dafa masa, ita ke wanke masa riguna, ran Lahadi suna zama a benci ɗaya. Amma ba ta sake sa giyar ganga a bakinta ba, shi yake zaɓa. Kuma duk ranar Ista, idan an kawo burodin nan mai siffar kurciya, takan fito da kwalbar Asti ta ajiye a tsakiyar tebur, gaban baƙi. Gelindo yakan dubi kwalbar, ya tura mata kofinsa.