Tsarabar da Ta Dawo Tottenham

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da maigidana da Baba. Unguwarmu Tottenham ba ta gama farkawa ba, sai masu shara da 'yan aikin dare da ke komawa gida ido jajur. Sanyi ne irin na ƙarshen shekara, amma Baba ya ƙi yarda a rufe masa babbar riga da kwat. Farar shadda ce, ba ya sa ta sai zai gana da wanda yake ganin girmansa. Maigidana ya ja akwati. Wata 'yar leda kuwa Baba ya riƙe ta da kansa, ya hana kowa taɓawa.

Ga waɗanda ba su sani ba, bayan rasuwar Inna ne na ɗauko Baba daga Katsina domin a duba masa ido. Tsohon hedimasta ne, Turanci a bakinsa ya fi nawa tsabta, amma yanzu rubutun fuskar waya ma ba ya iya karantawa. Saboda haka duk wanda ya kira, ɗagawa kawai yake yi ya yi sallama. A wurinsa kira tamkar baƙo ne a zaure, ba a tambayar sunansa kafin a amsa masa.

Haka wani mutum ya same shi wata rana muna wurin aiki. Ya ce daga kamfanin shirya hutu yake, an zaɓi lambar Baba, za a ba shi ɗakuna biyu a wani otal a bakin teku a kan kuɗi kaɗan, ya taho da matarsa. Baba ya ce matarsa ta rasu. Mutumin ya yi masa ta'aziyya. Washegari ya sake kira, bai ko ambaci otal ba, ya ce ya kira ne ya ji yadda Baba ya kwana. Daga nan sai gaisuwa ta ɗore. Ya san sunan Inna, ya san ranar da ake kai Baba asibiti. Mu a gida muka sa masa suna mutumin Baba.

Ranar da Baba ya ce in tura kuɗin daga asusunsa, maigidana ya ja ni kicin ya ce shi fa abin bai kwanta masa ba. Na ce to ya faɗa masa. Ya zaro ido. Suruki ne, ko abinci ba ya iya ci a gaban Baba, balle ya ce masa an raina masa hankali. Ni na daure na yi maganar, a kaikaice.

Baba ya ce, "Uwata, mutumin da ya yi mini ta'aziyya kike zargi?"

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Daga jin haka na bar maganar. Duk da haka na kira lambar otal ɗin da ke jikin saƙon da suka turo, wata mata ta ɗaga cikin fara'a ta ce e, suna jiranmu. Hankalina ya kwanta na tura.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke mu a tashar Victoria, muka canja zuwa jirgin ƙasa mai zuwa Eastbourne, garin da otal ɗin yake. Na sayo mana shayi a tasha. Baba ya tambayi kuɗinsa, na faɗa, ya juya shi zuwa naira a ransa, ya ce lallai sai ya shanye har ɗigon ƙarshe tunda ya sha kuɗin buhun gero. Bayan mun wuce filin jirgin saman Gatwick gidaje suka ja baya, tuddai masu kore suka fito, tumaki birjik ba makiyayi. Ina ba shi labarin abin da nake gani, shi kuma yana tambaya ko tumakin suna da ƙaho. A nan ya buɗe ledar ya nuna mana: dabino, da wata hula zanna mai aikin hannu wadda ya zo da ita daga gida bai taɓa sawa ba. Ashe har awon kan mutumin ya tambaya a waya. Mutumin ya yi alkawarin zai tarbe mu da kansa a yi karin kumallo tare, Baba kuwa ba ya zuwa wurin mutum hannu rabbana. Rabon da in ga yana murmushi haka tun Inna na raye.

Eastbourne gari ne na tsofaffi, komai a hankali ake yinsa. Dogayen fararen gine-gine sun jeru suna kallon ruwa, iska na kaɗa mutum kamar ta ture shi. Otal ɗin yana nan, ba ƙarya, har ya fi hotonsa kyau. Muka zaunar da Baba a kujera, maigidana ya je wurin matar da ke karɓar baƙi. Daga inda nake na ga ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta kira manaja. Maigidana ya dawo ya raɗa mini, "Babu booking, ba wanda ya kama mana ɗaki. Kuma sun ce number ɗin da kika kira ba tasu ba ce."

Manajan mutumin kirki ne. Ya ce ba mu ne na farko ba. Ya ce akwai kamfanonin da tayinsu gaskiya ne, sai dai za su zaunar da kai rabin yini suna tallata maka abin da ba ka zo saye ba. Waɗannan kuwa sunan otal ɗin kawai suka ara. Na kira mutumin Baba, layi a rufe.

Na durƙusa gaban Baba na rasa ta inda zan fara. Shi ya riga ni. Ya ce ko yaron bai iso ba ne? Na ce babu wanda ya san shi a nan. Ya gyara zaman ledar a cinyarsa ya ce kuskure ne, ma'aikata suna yi, tunda mutumin ya ce ofishinsu yana Aldwych, a tsakiyar birnin da muka baro, sai mu koma can a warware. Maigidana ya ce mu kama ɗaki da kuɗinmu mu kwana. Baba ya ce a'a, ba zai kwanta a gadon da ba a shimfiɗa dominsa ba.

Kafin jirgi muka ɗan zauna a bakin ruwa. Ba yashi a wurin, tsakuwa ce zalla, in ruwa ya ja baya sai ka ji tana ƙara kamar ana rege shinkafa. Muka sayi soyayyen kifi da dankali a takarda, mai zafi, gishiri ya ji. Wani ƙaton farin tsuntsu ya sauko ya fizge na hannun maigidana, ya bar shi da baki buɗe. Baba ya yi dariya ya ce wannan dai a gaban idonka ya ɗauka. Dariyar ba ta daɗe ba.

La'asar ta same mu a Aldwych. Jajayen bas sun cika titi, ɗalibai na gudu da jakunkuna, masu zuwa kallon wasan kwaikwayo sun fara layi. Baba yana tafe da sandarsa a tsakiyar wannan hayaniya, farar rigarsa ta sha yayyafi. Muka sami ginin. Ƙofa ɗaya ce, sunayen kamfanoni jere a bango ba iyaka. Mai gadin ya ce wasiƙu kawai ake karɓa a nan, ba wanda ke zama, kuma wannan kamfanin an cire sunansa tuni. Baba da kansa ya kwatanta masa mutumin da Turanci, ya ce yaro ne mai ladabi, muryarsa a sanyaye. Abin da ya sani game da shi ke nan duka. Mai gadin ya girgiza kai. Baba ya ciro dabinon ya miƙa masa, ya ce ya ci, sadaka ce yake yi wa marigayiya Inna. Hular ya mayar leda.

Muka hau bas ɗin komawa gida. Ni kuɗin ba su dame ni ba, an riga an sanar da banki, in sun dawo to, in ba su dawo ba Allah ya mayar da alheri. Tsoro nake ji kada wani abu ya karye a cikin Baba. Can ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Uwata, ta'aziyyar da ya yi mini, ita ma cikin aikin take?"

Na ce, "Allah ne ya sani, Baba." Na juya fuskata ga taga don kada ya ji ina kuka.

Da yawa kun tambaye ni ko irin wannan tayin hutu na waya gaskiya ne. Abin da na gani shi ne, ko mai gaskiyar cikinsu yana da ƙugiya, maƙaryacin kuwa ba ya zuwa da gaggawa kamar yadda muke zato. Yana iya yin makonni yana gaisuwa. Kada ku tabbatar da magana ta lambar da shi ya ba ku, ku nemo ta otal ɗin da kanku. Kuma ku da kuka bar iyaye a gida su kaɗai da waya tun safe har dare, ku san wanda ke gaishe su. Mu an hore mu da cewa mai gaisuwa mutumin kirki ne, kuma kunya ba ta barinmu mu ƙaryata babba. Da waɗannan biyun aka shigo mana gida.

Mun isa Tottenham bayan magariba, da akwatin da ba mu ko buɗe ba. Baba ya rama sallolinsa, ya ninke babbar rigar, ya sa hular a ƙasan kayansa. Ina haɗa masa shayi wayarsa ta yi ƙara. Na tsaya ina jiran in ji sallamar nan tasa da na saba ji tun ina yarinya. Wayar ta yi ta ƙara a tafin hannunsa. Sai ya miƙo mini ita.

"Duba mini, Uwata. Wane ne?"

Na duba. Ƙaninsa ne, daga Katsina.