Ranar da Inna ta kira sunana a jirgin sama

Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata ta wajen uba aka raɗa mini. Duk wanda ya tashi a Gaya ya san nauyin wannan: kunya biyu ce a kan uwata. Mace ba ta faɗin sunan ɗiyarta ta fari, balle na surukarta. In Inna na nemana sai ta ce, "Ke, waccan!" In baƙo ya tambayi ɗiyar wa ce wannan, sai ta shiga gyaran kallabi kamar ba da ita ake ba. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka nake kwana, ita nake bi bakin kogi sayen kifi. Inna kuwa, a wurina, doguwar matar nan ce mai miƙo mini tuwo ta kau da kai.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Kaka ta rasu. A shekarar ne Baba, mai kamiyon jigilar albasa da goro zuwa ƙetaren gada, ya yi niyyar hajji ta jirgin sama, shi da Inna da yayansa, wanda muke kira Baffa. Kuka nake ba dare ba rana, ba mai iya riƙona, sai aka ce a tafi da ni. Ko famfara ban yi ba lokacin.

Muka sha jijjiga ta Doso har Yamai. A ƙofar jirgi akwai wata ma'aikaciya 'yar gayu, tana Faransanci, wani tafinta na juya mana da Hausa. Dokarsu mai kyau ce, ban taɓa ganin laifinsu ba: ƙaramin yaro kusa da uwarsa yake zama. Baba ya riga ya shige da sauran maza. Matar ta dafa kaina, tafinta ya ce, "Ina uwar yarinyar nan?"

Ga Inna tsaye, ga Baffa a bayanta, mutumin da ko ruwa ba ta sha a gabansa. Matan garinmu suka yi ta murmushi. Su a ganinsu wannan ma tambaya ce? Tafinta ya dubi Inna ya ce, "Baiwar Allah, ɗiyarki ce?" Ta sunkuyar da kai. Baffa ya so ya rufa mata asiri, ya ce, "Ai ɗa na kowa ne, tamu ce duka." Shi ke nan, ya gama ɓata lamarin! Layi ya yi tsawo, matar ta gaji, ta ja hannuna har can ƙarshen jirgi, ta zaunar da ni kusa da wani tsoho masunci mutumin Tunuga, ta ɗaure ni da maɗauri.

Wallahi na ji tsoro. Ba na hango kowa sai bayan kujera. Da injin ya tashi, ƙarfen ya kama rawa, ƙarar ta cika mini kunne, sai na tabbata an bar ni. Tsohon ya miƙo mini dabino, na ture. Na ƙwalla ihu, amma ba Inna na kira ba, don ban san ana kiranta ba. Kaka na kira. Na yi ta kiran matar da ke kabari, jirgi cike da mutanen da suka yi mata salla.

Can sai na ji sunana. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi, ya fi injin ƙara. Ban taɓa jin shi da wannan murya ba. Na leƙa. Inna ce tsaye tsakiyar jirgi, mayafi ya zame, ma'aikaciyar na riƙe da hannunta tana cewa ta zauna. Ta fizge, ta sake kira. Sannan ta juya ga tafinta, a gaban Baffa, a gaban Baba, ta ce, "Tawa ce. Ni na haife ta. A ba ni abata."

Wata tsohuwa ta ce, "La ila! Yau kunya ta ƙare." Masuncin nan ya kwance maɗaurinsa ya miƙe ya bar mata wurin. Ta zauna, ta damƙe wuyan hannuna. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta ko dube ni ba, taga ta zuba wa ido har Jidda. Amma da muka sauka shatin yatsunta na nan a hannuna.

Ta sha tsiya kam. Bayan mun dawo, shekara da shekaru matan unguwa in sun gan ta sai su ce, "Sannu Hajiya mai ɗiya!" Ta yi musu banza.

Jikokina 'yan lakwal, 'yan boko ke nan, in sun ji yadda aka rene mu sai su ce, "Wayyo Kaka, ashe ba a son ku." In ce ku yi mini shiru, me kuka sani? Ku da ake kiran sunanku safe da yamma har kun daina amsawa. Inna ta tsufa a hannuna, ni na yi mata wanka, kuma har ta koma ga Allah "waccan" nake. Sau biyu ta kira ni, duk a rana ɗaya, kuma har yau ban gama amsawa ba.