Tsakuwa a Tuwon Baba

Shekara uku mahaifiyata ta yi tana koya mini raba hatsi da tsakuwa kafin a kai ni ɗakin miji. Ta ce dangin miji suna iya yafe wa amarya miyar da gishiri ya zarce, amma ban da tsakuwa a tuwo. Allah Ya jiƙanta, ba ta san irin gidan da zan shiga ba.

Daga Ƙanƙara aka kai ni wani ƙauye kusa da Mairuwa, a shekarun nan da kuɗin man fetur suka shigo, kowa ya rataya rediyo a kafaɗa. Maigidana yana aiki da masu shimfiɗa kwalta, sai ƙarshen mako yake dawowa. A gidan daga ni sai mahaifinsa, da muke kira Baba, sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta dawo zama da shi bayan rasuwar matarsa. A shekarar aka kafa injin niƙa a bakin kasuwar Mairuwa, gwiwoyin mata suka huta, gari ya riƙa fitowa da laushin da ba mu taɓa gani ba.

Kowa ya yi murna ban da Baba. Haƙoran tauna biyu suka rage masa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, Allah kuma Ya sa suna haɗuwa. Da su yake cin goro, kuma yana ji da su fiye da gonarsa. Na ɗauka mai haƙori biyu zai gode wa tuwo mai laushi. Ina! Loma biyu yake yi ya ture akushi.

Da yake akwai kunya tsakanin mutum da matar ɗansa, Baba ba ya yi mini magana kai tsaye. Rumbun tsakar gida yake gaya wa, ni kuma ina madafa ina ji.

"Wanga ba tuwo ba ne, auduga ce," in ji shi ga rumbu. "Tuwon marigayiya shina da nauyi a baki. Dutse ya san hatsi. Inji mi ya sani?"

Kafin wata biyu Baba ya rame, kullum sai ya ƙara tamke tazugen wandonsa. Tsoro ya kama ni, kada a ce amarya ta zo tsoho ya mutu da yunwa. Na jawo dutsen niƙan marigayiya daga bayan ɗaki, na durƙusa kwana uku ina niƙa ina tankaɗe har bayana ya riƙe. Rumbu ya sami labari cewa har yanzu auduga ce. Wallahi ranar da rumbun yana da kunne da na murɗe shi.

Rana ta huɗu hadari ya taso, na yi tankaɗe a gaggauce. Baba ya kai loma ta uku sai na ji ƙaras! Na sandare da muciya a hannu, ina tuna mahaifiyata. Sai na ji ya ce wa rumbu, "Yauwa. An fara kamo hanya." Ya cinye tas, har ya suɗe hannu.

To, ni ba wawuya ba ce. Washegari na mayar da dawata inji. Na dawo na riƙa goga ɗan dutsen a kan uwar dutsen ba hatsi a tsakani, ina tara garin da ke fita a gwangwanin madara. In na kwashe tuwo sai in barbaɗa wa malmalar Baba kamar mai sa gishiri. Kullum rumbu yana samun rahoto: "An kusa." Ni kuma in ƙara yawan barbaɗe. Da dutse ya gaza sai na haɗa da yashin rafi. Baba ya murmure, kumatu suka dawo, maigidana ya sayo mini atamfa don jin daɗi. Amma duk ƙaras ɗin da na ji sai in tuna da haƙoran nan biyu nake caca. In na daina ya daina ci, in na ci gaba wata rana su fita.

Wata ranar Laraba bayan magariba Gwaggo ta kama ni da gwangwani a hannu. Na faɗa mata gaskiya. Ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye.

"Ɗiyata, wa ya ce maki shina son tsakuwa? Shekara arba'in shi da marigayiya suna faɗa a kanta! Marigayiya ba ta iya tankaɗe ba ko kaɗan. Kullum in ya tauna sai ya ce, ke, so kike ki kashe ni? Ita ko ta ce, in ba ka ci aje, akuya na so. Ba ranar da ba su yi ba hwa."

Na rantse a raina daga yau na bari. Sai dai an riga an kai wa Baba akushi da yashinsa. Muna tsaye muka ji ƙarar, ba irin ta kullum ba. Sai muryar Baba ta cika gidan, wannan karon ba ga rumbu ba, madafa ya fuskanta:

"Ke! So kike ki kashe ni?"

Ta ƙofar madafa na hango shi, haƙori a tafin hannu, kunne a karkace yana jiran amsa daga wadda ba za ta amsa ba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar lokacin ba. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu. Na rufe ido, na ajiye duk tarbiyyar gidanmu a gefe, na ɗaga murya:

"In ba ka ci aje, akuya na so!"

Sai Baba ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, Gwaggo ma ta taya shi, ni ma na taya su. Bayan nan ya ce a ba shi tuwon da ba yashi.

Haƙorin ƙasa ya zama ba abokin aiki. Daga ranar Baba bai sake tauna goro ba, sai dai in goga masa a magogi ya tsotsa, kuma har yau abin yana damuna. Amma ya ci tuwon inji har ƙarshen ransa. Kullum sai ya kushe shi a gabana, kullum sai na ba shi amsa, maƙwabta suna cewa amaryar gidan nan ba ta da kunya. Rumbu dai ya huta.

Yanzu ni ce tsohuwar gida. Matar ɗana tana tuƙa tuwo da garin leda, fari fes, ba abin kushewa. Ni kuwa ɗan warin man injin nan na Mairuwa nake nema a ciki, warin da a lokacin muke toshe wa hanci. Shekaranjiya bakina ya kufce, na ce wa firji tuwon da yana da wani ƙamshi na inji. Sai na ga yarinyar ta saci kallon jarkar man janareta.

Na ture firjin daga zancen, na ce, "Ɗiyata, ɗauko kwanonki ki zo mu ci tare."