Makiyayiyar Tafkin Miribel

Yau Lahadi, babu aiki a masana'antar da yake yi wa aiki a Saint-Fons, shi ya sa Kamalu ke zaune bakin tafkin Miribel. Idonsa na kan wata dattijuwa Bafaranshiya cikin ƙaramin jirgin ruwa. Rana ta gasa mata fuska, hularta ta koɗe, yatsunta duk tabon ƙugiya. Sana'arta ke nan, kai baƙi inda kifi yake kwance.

Baƙonta na yau, wani mai tumbi, ya fiddo bas, kifin nan mai faɗin baki, ya kai kamu guda. Yana ta juya shi a sama ana yi masa hoto.

"Ya isa haka, monsieur," in ji ta. "Kai ma a toshe maka numfashi mu gani."

Sai da ta jiƙa hannuwanta sannan ta karɓi kifin. Ta zare ƙugiyar, ta tallabe shi cikin ruwa kamar jinjiri a wanka, har ya kaɗa bindi ya nutse.

Kamalu, ɗan masuntan Madarunfa, ya dafe kai. "Kai! Miyar gida guda ta saki!"

Amma ya kasa ɗauke ido. Wataƙila bara ma ita ta saki wannan kifin. Ya tuna babansa, da shekarar da taru ya dinga fitowa wayam.

"Ashe ba masunciya ba ce," ya ce a ransa. "Makiyayiya ce, garkenta na ƙarƙashin ruwa."