Kwalabe Uku a Shagon Mai Agogo

Shagon Baba Mai Agogo a ƙarƙashin matakalar bene yake, inda rana ba ta taɓa leƙowa ko gaisuwa ba. A nan ya tsufa, hantsaki a hannu, yana ta da agogunan da masu su suka fid da rai. Mutum ne marar ƙorafi. Abu ɗaya ke damunsa tun rasuwar matarsa: 'ya'yansa uku sun yi nisa, wayarsa kuwa ta zama kurma.

Da ciwon ƙafa ya matsa masa, likita ya auna jininsa ya ce bitamin D ya yi ƙasa, ya riƙa shan ƙwaya ɗaya a rana. Labari ya kai ga yaran. Babbar 'yarsa ta aiko da kwalbar maganin, ɗansa direba ya aiko da tasa, auta kuwa, da ba ta yarda a fi ta, ta nemo mafi ƙarfi a kanti. Ba wanda ya san da ta ɗan'uwansa. Sai ga waya ta farfaɗo, kowace safiya kira uku: "Baba, ka sha?"

Baba ba ya ƙarya, kuma bai taɓa fifita ɗa a kan ɗa ba. Sai ya jera kwalaben kusa da kofin shayinsa, yana ɗaukar ɗaya daga kowace. A ganinsa abin ƙarin lafiya ba ya yawa. Maganar gaskiya ma, kiran ya fi masa maganin daɗi.

Bayan watanni sai ƙishirwa kamar ya ci gishiri, fitsari ba hutu, abinci ya fita ransa. Ran da ya buɗe agogo ya rasa ta ina zai faro, maƙwabcinsa tela ya ja shi asibiti yana mita: "Garin neman gira za ka rasa ido!"

"Baba, uku a rana ya yi yawa, wannan bitamin ɗin taruwa yake yi a jiki," in ji likita. "Ya sa sinadarin kalsiyam ya yi yawa a jininka, saura kaɗan ya taɓa ƙoda. A ajiye duka sai na sake aunawa."

"To in sun kira fa, in ce me?"

"Gaskiya mana."

Ya faɗa musu. Babbar ta yi faɗa, auta ta yi kuka. Shi kuwa ba ƙodar ce ta sanyaya masa jiki ba. Tsoronsa ɗaya, tunda ba magani, ba kuma dalilin kira.

Washegari yana cire kwaɗon shago waya ta yi ƙara. Direba ne.

"Baba, ba ka dai sha ba ko?"

"Ban sha ba."

"Yawwa. To me ka karya da shi?"

Baba ya buɗe baki zai amsa, sai ya ji wani kiran yana shigowa. Ya duba, ya yi dariya har da share ido.

"Yi sauri ka gama," ya ce, "ga ƙanwarka nan tana jiran layi."