Hagun Salamatou

A benen kasuwa na Tianxiu babu wanda bai yi gulmar Salamatou ba a bara, har da ni da shagona ke jikin nata. 'Yar Maraɗi ce, ta daɗe a Guangzhou tana yi wa 'yan kasuwa odar jakunkunan mata daga Shiling, garin masu ɗinka jaka. Mace mai ladabi, sai kawai muka wayi gari ta koma miƙa wa mutane kaya da hagu. Ranar da ta miƙa wa wani mai sayen kayanta, Alhaji Tankari, shayi haka, tsohon ya tashi ya bar mata kofinta. Na bi ta ciki raina a ɓace.

"Ke Salamatou, zaman Sin ne ya cinye miki tarbiyya?"

Ta ɗaga mayafinta. Ashe hannun daman ɗaure yake da ɗankwali a ƙugunta. "Zamna ki ji, Yaya," in ji ta.

Ƙanwarta Balkissa 'yar sanda ce a Yamai, cikin masu farin kaya da ke rakiyar manyan baƙi mata. Hatsarin babur ya lalata mata wuyan hannun dama. Aka ce ko ta koyi aiki da hagu ta sake cin gwaji, ko ta ajiye aikin da take so kamar ranta. Babbar bindigarta in ta harba sai ta tokare ta, hagu ba ya iya riƙe ta. Ta gwada iri-iri a wurin horo, ta tsaya kan wata 'yar ƙaramar libarba marar tokari sosai. Saura inda za ta ɓoye ta, don duk jakar da ta samu an yi ta ne don masu aiki da dama. Sai Salamatou ta je wata masana'anta a Shiling don a ɗinka mata jaka mai ɓoyayyen aljihun bindiga na hagu.

To a ƙasar nan ko bindigar wasa ba a yawo da ita. Lawban, wato mai masana'antar, da ya ji abin da za a sa a aljihun sai ya hau kaɗa hannu yana "Meyo, meyo!" Babu ke nan. Salamatou ba ta yi zuciya ba. Ta samo ƙaramin dutsen guga na matafiya mai nauyin da Balkissa ta faɗa mata, ta ce masa to a yi aljihun daidai da wannan. Hannunsu ɗaya da ƙanwar, tun suna yara awarwaro ɗaya suke sawa, shi ya sa ta ɗaure damanta ta zama ma'auni.

Ta yi ta zarya Shiling. Yau zik ya cije, gobe bakin aljihun ya yi nisa da yatsa. Lawban ya gaji har ya daina kawo mata shayi, wasu masu sayen kayanta suka koma wani shago saboda hagun nan. Ko a jikinta.

Bayan jakar ta isa, Balkissa ta kira ina wurin. Ta ci gwajin, ta ce zik ɗin aljihun bindigar kamar man shanu. Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Salamatou kuwa ta kwance ɗankwalin, tana murza hannun da ya sage, hawaye na zuba.

"Allah shi sa zik ɗin nan shi yi tsatsa, Balki," ta ce, "ba ki taɓa buɗe shi ba."